Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin asibitoci da masu riƙe da harkar lafiya a Jos, daga masu ciwon gaɓɓai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabannin asibitocinmu, manyan likitoci, nas-nas, ma'aikatan famasi da duk mai faɗa a ji a harkar lafiya a garin nan na Jos, ina gaishe ku, ya aiki, ya haƙuri da jama'a, ya kuma sanyin nan. Mun san irin wahalar da kuke ciki, mun san abokan aikinku da yawa sun tattara sun tafi Saudiyya da Ingila sun bar muku layin marasa lafiya har bakin ƙofa, Allah ya saka muku da alheri.

Ni tela ce, a Unguwar Rogo nake zaune, shekarata 39, ƴaƴana huɗu, kuma shekara tara kenan ina fama da amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci ke ce wa rumatoyid. Ba da yawun kaina kaɗai nake magana ba. Muna da wani ɗan guruf a WhatsApp, mu arba'in da ɗoriya, yawancinmu a kan bencin asibiti muka san juna muna jiran a kira kati, akwai masu irin ciwona, akwai masu lufus wanda shi ma ciwon garkuwar jiki ne, akwai maza uku masu ciwon nan da ke sandarar da ƙashin baya. Daga Gangare, Rikkos, Tudun Wada, Bukuru, har wata mai tasowa daga Toro tun da asuba. Musulmi da Kirista, ciwo bai tambaye mu ba. Su suka ce tunda ke bakinki baya shiru toh ki rubuta.

Abin da ya sa muka ce a rubuta yanzu abu biyu ne. Wata uku kenan duk wanda ya je tagar famasin asibitin da muke zuwa neman metotirezet, babban maganin da ke kwantar mana da ciwon, sai a ce babu, a je waje a saya. Sannan makonni kaɗan da suka wuce aka kwashi wata dattijuwa a cikinmu, Inna muke ce mata, tsakar dare tana aman jini. Zan dawo kan maganar Inna.

Da farko dan Allah ku bari in faɗa wa sauran masu karatu menene ciwon, don ko a gidajenmu har yau ana ce masa sanyin ƙashi, ana ce mana mu daina taɓa ruwan sanyi shikenan. Ba ciwon tsufa bane. Garkuwar jiki ce da Allah ya yi ta don yaƙar cuta take juyowa ta afka wa gaɓɓan mutum, su kumbura su yi zafi, in ba a tare ba su ci ƙashin su karkace yatsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke da rumatoyid a duniya, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Lufus kuwa cikin mutum goma tara mata ne, kuma shi har ƙoda da fata yake taɓawa. Ba a warkewa kwata-kwata, lallaɓa shi ake da magani har iya rayuwa.

In kana son ka san ciwon nan ka zo gidana da asuba a watan Janairu, lokacin da hunturun Jos ke shiga har ɓargo. Buta ba ta ɗaukuwa, sai ƴata ta zuba min ruwan alwala. Yatsuna kamar an ɗaure su da waya, sai na tsoma su cikin ruwan ɗumi a roba kusan awa guda kafin su buɗe, kuma ni da almakashi da allura nake cin abinci. Akwai ranar da na yi minti ashirin ina ƙoƙarin zura zare a allurar keke, mai kaya tana zaune tana jira gobe bikin ƙanwarta, ƙarshe na miƙa mata kuɗinta da atamfarta na ce ta yi haƙuri. Da ta fita na rufe shago na zauna a ƙasa, ban yi kuka ba ma, kawai ji na yi komai ya fita raina. Wannan zaman a ƙasa shi ne ainihin abin da na zo faɗa muku.

Kokenmu na farko, kuma shi ne babba, ba mai tambayarmu zuciya. Shekara bakwai ina zuwa asibiti, a duba yatsu, a matsa gwiwa, a rubuta gwajin jini, a ƙara firednisolon, ƙwayar rage kumburi, ko a rage, minti biyar an kira na gaba. A cikin shekarun nan na daina zuwa biki da suna, na daina cin abinci sai an matsa, ƙarfe biyu na dare idona biyu ina lissafin wa zai riƙe min yara, abu kaɗan in hau su da faɗa sannan in dawo ina jin haushin kaina. A gida aka ce son jiki ne, wata ta ce raki ya min yawa, wani ɗan uwa ya ce ƙarancin tawakkali ne. Ni ma na yarda, ina ta istigfari. Sai rannan wata ƙaramar likita, ina ga ma ba ta daɗe da gama makaranta ba, ta ajiye biro ta ce, Hajiya ya barci? A makonni biyun nan kina jin daɗin abubuwan da kika saba jin daɗinsu kuwa? Wallahi kamar ta ɓalle famfo. Ita ta fara gaya min sunan abin ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Daga baya na gane ba abin mamaki bane, ku kun fi ni sani, masu irin ciwonmu sun fi sauran mutane kamuwa da ciwon damuwa nesa ba kusa ba. Shi kansa kumburin da ke yawo a jini yana taɓa ƙwaƙwalwa, shi firednisolon da muke sha yana birkita hali da barci, rashin barci yana ƙara zafin ciwo, zafin ciwo yana hana barci, wanda zuciyarsa ta mutu kuma baya damuwa da shan magani a kan lokaci balle zuwa ganin likita, sai kumburin ya dawo da ƙarfinsa. Toh in haka ne me ya sa sai an dace da likita mai tausayi kafin a tambaya? Akwai takardar tambayoyi tara da ake amfani da ita a duniya don gano ciwon damuwa, akwai ma gajeriya mai tambaya biyu kacal, nas ɗin da ke auna mana hawan jini da nauyi za ta iya yi a tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2008 ta fito da tsarin koya wa likitoci da nas-nas na yau da kullum yadda za su gane wannan ciwo su fara maganinsa ba sai an jira ƙwararre ba, don an san ƙwararrun ba su da yawa, a Najeriya kaf likitocin ƙwaƙwalwa ƴan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. A watan Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, mun ji a rediyo mun yi murna, amma a kan bencinmu har yanzu ba mu ga ta iso ba.

Ita wannan likitar ta rubuta min takarda zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa. Wani gini daban, wata rana daban, wani layi, wani kuɗin Keke daga Unguwar Rogo zuwa da dawowa ga mai gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Na ɓoye takardar a ƙarƙashin katifa wata biyu, don in uwar mijina ta ji cewa za a yi matar wane ta fara zuwa asibitin mahaukata, kuma ina da ƴa budurwa da ake nema. A guruf ɗinmu mutum shida aka ba irin takardar nan, mu biyu kaɗai muka je.

Koke na biyu daga nan ya taso. Likitan gaɓɓai bai san me likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta ba, likitan ƙwaƙwalwa bai san me muke sha na gaɓɓai ba sai abin da muka iya tunawa, su biyun kuma ba su san abin da mai kemis ɗin unguwa ya ƙulla mana a leda ba. Mu ne a tsakiya, cikinmu ne mahaɗar duka.

Ga yadda aka yi da Inna. Da metotirezet ya yanke, ciwo ya taso mata, jikanta ya je kemis ya ce a haɗa wa kaka maganin ciwon jiki. Aka haɗa, kun san haɗin, dikilofenak, ibufurofen, Felvin, da ƴar ƙaramar farar ƙwaya wadda firednisolon ce ko ƴar uwarta dekza, duk a ƙulli ɗaya safe da yamma. Ukun farko dangi ɗaya ne, aiki ɗaya suke, haɗa su baya ƙara sauƙi sai ƙara cin bangon ciki da wahalar da ƙoda. Ita kuma dama tana shan fuloksetin na damuwa, wanda in ya haɗu da wannan dangin haɗarin zubar jini a ciki ƙaruwa yake. Ba wanda ya taɓa gaya mata, ba wanda ya ba ta maganin kare ciki irin omefurazol. Leda biyu na jini aka ƙara mata, Allah ya yi da sauran kwana. Ban ga laifin jikan ba, kakarsa ya gani tana juyi a tabarma.

Kuma ba wannan kaɗai ba. Tiramadol, wato tiramol, in ya haɗu da magungunan damuwa irin fuloksetin ko satralin ko amitiriftilin yana iya kawo rawar jiki, zufa, ruɗewa, har da farfaɗiya. Septrin da ake saya kamar gyaɗa in yaro ko babba ya yi tari ko gudawa, in mai shan metotirezet ya sha yana iya durƙusar da ɓargon da ke yin jini, kuma wannan kisa yake. Ni a guruf na ji wannan ba a asibiti ba. Shi kansa metotirezet sau ɗaya ake shansa a mako, rana ɗaya tak, da folik asid a wata ranar, amma kun san yadda ake mana bayani a taga, a zana sanda ɗaya ko biyu ko uku a jikin ƴar leda a turo. Wace sanda ce ke nufin sau ɗaya a mako? Wata yarinya a cikinmu da aka fara ba ta ta sha kwana huɗu a jere, sai da bakinta ya cika da gyambo ta kasa haɗiyar ruwa ta turo mana hoto, muka ce maza ki tsaya ki tafi asibiti yanzu yanzu. Kuma yawancinmu mata ne masu haihuwa, maganin nan yana ɓata ciki yana nakasa jariri, ya kamata a zauna da mace da mijinta a yi maganar tazarar haihuwa kafin ƙwaya ta farko, ba a faɗa a gurguje ana rufe fayil ba.

Maganin damuwar ma haka. Ba a gaya wa mutane cewa sai ya yi mako huɗu zuwa shida kafin a ji aikinsa sosai, sai mutum ya sha kwana goma ya ce ba ya yi ya watsar. Ba a gaya musu amitiriftilin da dare ake sha, yana busar da baki yana sa nauyin jiki da safe, kuma ɗan kaɗan ɗinsa yana taimakon barci da zogi. Ba a gaya musu ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake janyewa. Ba a gaya musu ba irin ƙwayar maye bane, wannan kuwa shi ne tsoron kowa, kar in zama ƴar ƙwaya.

Na uku, yankewar magani da tsadarsa. Metotirezet da salfasalazin da haidiroksikulorokwin ba fanadol bane da za ka sha yau ka ji sauƙi yau, wata biyu zuwa uku suke ɗauka kafin su kwantar da garkuwar jiki, in aka yanke kuma ginin ya rushe a koma farko, kuma gaɓar da ta lalace a tsakanin ba ta dawowa. Masu lufus ba za su manta 2020 ba, lokacin korona da shugaban Amurka Trump ya yabi kulorokwin da ɗan uwansa haidiroksikulorokwin da masu lufus ke sha, kowa ya ruga ya saya ya ɓoye, masu buƙatarsa na gaskiya suka zaga kemis-kemis daga Taminus har Bukuru babu. Daga 2023 kuma da aka cire tallafin mai aka saki naira, kamfanin magani na GSK ya sanar zai tattara, Sanofi ma ya bi, kuɗin magani ya tashi sama bai sauko ba. Abin da nake saya a wata yanzu ya ninka na da fiye da sau uku, ban sa gwajin hanta da ƙoda da na jini da ya kamata a riƙa yi duk bayan ƴan watanni ba, ban sa duba ido na masu shan haidiroksikulorokwin ba. Manyan alluran nan na zamani irin su rituksimab kam sunansu kawai muke ji. Toh da me mutum zai ji? Sai ya zaɓa, kuma kullum maganin damuwa ake fara jefarwa, don shi ba a ganin kumburinsa. Abin da ya fi araha shi ne firednisolon, shi ya sa za ku ga fuskokinmu sun yi fam kamar wata, mutane na cewa masha Allah kin yi ƙiba, alhali suga ne da hawan jini da ƙashi mai rauni ke tafe a baya, kuma shi ma in ka daɗe kana sha ka yanke rana ɗaya zai iya kai ka ƙasa.

A 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka ce ta zama dole ga kowa, aka ce akwai asusu na musamman don marasa galihu. A 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji kan kayan haɗa magani. Tun 2001 ma a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, mu da muka karɓi baƙuncin taron ba mu taɓa cikawa ba. Takardu dai akwai su. Ƴan cikinmu masu katin inshora kuwa amsar taga ɗaya ce da ta marasa kati, babu, je waje.

Na huɗu gajere ne amma yana ci mana rai. Mun san ɓarnar da ƙwaya ta yi wa samarinmu, mun ga abin da ya sa aka hana kodin na ruwa a 2018, mun san tiramol mai 225 da ake kamawa ba na asibiti bane, na asibiti 50 ne da 100. Ba mu ce a sake shi a kasuwa ba, mun ma san baya kashe kumburi, rufe zafi kawai yake kuma yana kama mutum. Amma ɗaya daga cikin mazanmu, saurayi ɗan shekara 27 da bayansa ya sandare, ya je karɓar tiramol da takardar likita a hannu aka kalle shi sama da ƙasa aka ce irinku mun san ku, a gaban mutane. Tun ranar bai koma ba, wurin mai ƙaho yake zuwa yanzu.

Akwai maganar da ba a so a yi, zan yi ta. Mutum uku a guruf ɗinmu sun taɓa rubuta cewa da ma su kwanta kar su tashi. Muna kiransu, muna zuwa gidajensu, amma mu ba likitoci bane, kuma suna tsoron faɗa a asibiti don a dokar laifuka ta Arewa, wato Final Kod, sashe na 231, an mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗauri. Ƙarfe ɗaya na dare in irin wannan saƙo ya shigo ba mu da lambar da za mu kira.

Toh ga abin da muke roƙo, kuma yawancinsa ba sai an jira kasafin kuɗi daga Abuja ba.

A sa tambayar barci da damuwa cikin abin da ake yi wa duk mai ciwon gaɓɓai ko lufus a kowane zuwa, kamar yadda ake auna hawan jini, da Hausa ko yaren da mutum ke ji. A turo likitan ƙwaƙwalwa ko nas ɗinsu ya zauna a ɗaki na kusa ranar da ake ganinmu, ko sau biyu a wata ne, ƙofa ɗaya kati ɗaya, ba wanda zai san wurin wa ka shiga. Wannan kaɗai zai dawo da mutum huɗun nan da takardunsu ke ƙarƙashin katifa.

A ba kowannenmu ɗan kati na aljihu da aka rubuta duk magungunan da yake sha, a bayansa a rubuta waɗanda ba a haɗa su da su da manyan baƙi, don mu nuna wa mai kemis. A ledar metotirezet a daina zana sanda, a rubuta ranar da Hausa, LITININ KAWAI, ko a buga ɗan hatimi, nawa hatimi yake? Masu sa ido kan kemis-kemis kuma a tara su a yi musu bita kan haɗin nan na ciwon jiki, ba kamu da rufe shago kawai ba, don a unguwanninmu su ne asibitin dare.

Magungunan nan huɗu zuwa biyar da rayuwarmu ta rataya a kansu, tare da amitiriftilin da fuloksetin, a sa su cikin waɗanda ba a bari su ƙare a famasi. Kuna da sunayenmu a rajista, kun san mu nawa ne, kun san ƙwaya nawa kowa ke sha a wata, lissafin bai kai na ɗinkin sallah wuya ba. In kuma dole za su yanke a sanar da mu da wuri, a gaya mana inda za mu samu mai kyau, don jabu ya cika gari. Masu kula da inshora su sa ciwonmu da gwaje-gwajensa cikin abin da asusun marasa galihu ke ɗauka, mace da yatsunta suka karkace ta daina sana'a in ba marar galihu ba ce to wacece?

A ba mu lambar waya guda ɗaya da wani zai ɗauka da dare.

Kafin azumi a ware rana ɗaya a yi mana bayanin yadda za mu jera magani tsakanin buɗa baki da sahur, da wanda bai kamata ya yi azumin ba, don da yawa suna watsa dikilofenak a cikin da ba komai su ɗauki niyya. Ku gayyato malamai da fastoci su zauna su ji, in liman ya faɗa a mumbari cewa shan maganin damuwa baya rage imani kamar yadda shan maganin suga baya ragewa, ya fi fosta ɗari. Ni ban bar addu'a ba, ban bar azkar ba, ina shan ƙwayata da dare in yi shafa'i da wuturi in kwanta, kuma yanzu ina barci.

Ranar 10 ga Oktoba ake bikin ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ranar 12 ga Oktoba kuma ta masu ciwon gaɓɓai, kwana biyu tsakani, kowa da rigarsa da tattakinsa daban. Bana muna roƙon ku haɗa su zama ɗaya ku kira mu, za mu zo da ledojin magungunanmu gaba ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, mu zazzage a kan tebur ku gani da idonku. Sai dai dan Allah a sa taron da hantsi, kafin ƙarfe goma yawancinmu ba mu gama buɗe yatsu ba.

Wassalam, ku huta lafiya.

Taku,
wata tela daga Unguwar Rogo, a madadin ƴan benci.